Kafar da Na Toshe a Katanga

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen kirkin da suka saukar da kai a Katsina. Ya baƙunta, ya sabon aiki, ya haƙuri da birni? Mu nan Batsari mun kwana mun tashi, kuma a wannan zamani duk wanda ya ce maka haka ya ba ka labari mai daɗi. Innarku tana gaishe ka. Matarka Hadiza lafiya lau, sai nauyin ciki, Allah ya sauke ta lafiya. Amaryata, 'yarka Nana, kuwa ta ce in shaida maka ta fasa aurena, wai na hana ta wasa da carbina, kuma ba ni da haƙora.

Na zaɓi in rubuto maka ne don na san halinka a waya. Sai ka yi ta cewa to Baba, to Baba, alhali hankalinka yana wani wuri. Takarda kuwa ko ka ajiye ta, tana nan tana jiranka.

Ƙanwarka Binta ta nuna mana hotunan gidan da ka samu. Mun ga katanga doguwa, an naɗa mata rawanin waya mai ƙaya. Mun ga baƙin get na ƙarfe. Ka ce sabuwar unguwa ce can bayan gari, dillali ya ce maka shiru ne da ita, ko kukan akuya ba a ji. Ka ce yana jiran amsarka bayan Juma'a, in an gama sai ka turo mota ta ɗauki Hadiza da Nana. Ka ce za ka riƙa fita da safe ka kulle get, ka dawo bayan magariba, hankalinka kwance.

Duk muna ta sa albarka, sai Innarku ta karɓi wayar ta ƙura wa hoton ido, ta tambaye ka ina kafa. Ka yi dariya ka ce Inna, birni ne fa. Ta tashi ta shiga madafa. Tun ranar abincin kirki bai wuce maƙogwaronta ba. Ni ma ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji. Za ka ajiye mace mai tsohon ciki da ƙaramar yarinya a bayan ƙarfe, a wurin da ba wanda ya san sunansu. Don haka ka zauna ka karanta. Sau da yawa na zaɓi wurin zama a rayuwata, kuma kusan kowane zaɓi na yi wauta, sai dai kowace wauta da irin tata.

Ta farko ba ta da nauyi, har dariya take ba ni. Ina saurayi na zauna Runka wajen wani kawuna ina koyon awon hatsi. Da na fara jin kaina na ce sai na kama ɗakina ni kaɗai. Da rani ne. Na samu wani ɗaki mai sanyi, ga yashi lallausa fari tas a ƙofarsa kamar an shimfiɗa don ni. Mai ɗakin ya yi ta yaba yashin, ni ma ina taya shi. Ban tambayi kaina wa ya kawo yashi nan ba, alhali duk unguwar jar ƙasa ce. Ruwan farko ya sauka ina kasuwa. Da na dawo na iske tabarmata ta riga ni fita yawo, akwatina na biye da ita, suna can bakin kwari yara na yi musu rakiya.

To ka duba gindin katangar gidan nan. Ruwa yana barin zane a jikin bango, ko an shafe da fenti ana gani. Ka bi kwatar layin da idonka ka ga inda ta ƙare. In ba ta ƙare a ko'ina ba, to a tsakar gidan wani take ƙarewa, wataƙila naka. Ka tambayi masu tura kurar ruwa ko suna iya shiga layin da damina. Su ba su da gidan da suke son su ba ka haya.

Ta biyu kuwa ita ce gidanmu na Yasore, inda aka haife ka. Da zan gina, mai gari ya nuna min fili a tsakiyar mutane, na ce ya yi min ƙunci. Na zaɓi na ƙarshe. Daga ni sai gona, daga gona sai daji. Ga wurin turken shanu, ga iska. A lokacin in an ce daji, itacen girki ake nufi, da zabi, da ɗinya. Ba wanda ya yi zaton wata rana kalmar za ta riƙa sa manya su rage murya. Ban ce laifina ne da duniya ta canza ba. Amma na zaɓi gida da idon ranar da nake ciki kawai, kamar yadda na zaɓi ɗakin yashi.

Kai ma bayan gari ka zaɓa. Hoton ya nuna mana gaban gida, bai nuna mana bayansa ba. Ka zagaya. Mene ne a can? In kangaye ne da gine-ginen da aka fara aka bari, ka leƙa ciki. Ka duba ko akwai toka, ko guntayen taba, ko kwalaben maganin nan da samari ke sha. Kango ba ya zama babu mai shi, ko mai takarda bai zo ba wani yana kwana. Ka kuma lura layin hanya nawa yake da ita ta fita. In ɗaya ce, duk wanda ya tsaya a bakinta ya mallake ku.

Yanzu sai maganar kafa, wadda ka yi wa dariya.

Za ka iya tunawa, gidajen layinmu a Yasore manne suke da juna, kuma tsakanin kowane gida da na kusa da shi akwai 'yar ƙaramar ƙofa a katanga, babba sai ya sunkuya zai wuce. Ita ce kafa. Ba ta da ƙyaure, sai dai a jingina tsohon asabari. Ta nan mata ke zirga-zirgarsu ba sai sun yi lulluɓi sun fita waje ba. Ɗibar wuta ta nan, aron rariya ta nan, roƙon gishiri ta nan, gulma ma ta nan take wucewa da ɗuminta. Mace tana iya tashi daga gidanmu ta ɓulla tsakiyar gari rana ba ta gan ta a titi ba.

Maƙwabcinmu Mamman mahauci ne, matarsa Lantana. Kai ka san su. Mamman mutumin kirki, amma awakin da yake ajiyewa kafin yanka sun mayar da kafar nan hanyarsu ta zuwa shanyar gerona. Ga warin fata. Lantana kuwa bakinta ba ya hutawa. Duk abin da aka dafa a gidana, kafin in wanke hannu an san shi a ƙarshen layi, har da ko miya ta ji nama ko ba ta ji ba.

Wata shekara damina ta yi kyau, aljihu ya yi nauyi, sai na ce zan rushe katangar ƙasa in ta da ta bulo, in sa ƙofar ƙarfe. Kana makaranta a lokacin. Da magini ya iso wurin kafar ya tambaye ni ko a bar ta. Na ce ya toshe. Innarku tana tsaye da tsintsiya a hannu. Ka san ba mai ja da ni ba ce, amma ranar ta ce, "Malam, ka bar min ko da ta miƙa hannu ce."

Na ce mata gidan mai daraja ƙofarsa ɗaya. Ban san inda na samo wannan magana ba, ina jin a hanya na ƙaga ta don ta yi kama da ta manya.

Sai dai a daidai wurin bulo ya ƙare, siminti ma saura kaɗan. Magini ya ce a ƙaro, ni kuwa rowa ta motsa. Na ce ya cike da tubali da laka, ya shafe sama da ɗan simintin da ya rage, wa zai sani. Haka aka yi. Washegari Mamman ya zo ya tsaya ya dubi aikin daga sama har ƙasa, ya ce katanga ta yi kyau, Allah ya sa alheri, ya wuce. Lantana ta daina shigowa, don sai ta zagayo ta waje ta yi sallama kamar baƙuwa. Gidana ya yi tsit. Na ji daɗi ƙwarai. Shirun nan da dillali yake yi maka talla, na taɓa sayensa da kuɗina.

Ranar da mutanen daji suka shigo Yasore ranar kasuwar Batsari ce, maza duk mun taho, ni ma ina nan ina ciniki. Bayan azahar ne, rana tsaka. Abin da zan gaya maka daga bakin Innarku na ji shi, kuma sau ɗaya ta faɗa min. Ta ce sun fara jin ƙarar babura da yawa, irin wadda ba ta biki ba ce. Kafin su gama tambayar juna sai harbi. Matan layin suka yi abin da suka saba yi kullum don gishiri da wuta. Suka riƙa bi ta kafa, gida zuwa gida, ana miƙa jarirai hannu da hannu, ana jan tsofaffi, har suka ɓulla can ƙasan gari suka faɗa kwari suka shige cikin dawa.

Gidana ne na farko daga daji. Ƙofata ɗaya, kuma tana kallon hanyar da suka biyo. Innarku da Binta suna ciki. Ta saka sakata, ta ja yarinya suka koma ƙuryar gida. Ta ce tana jin su a waje suna kwance shanu daga turke, suna magana, suna dariya, wani ma yana tambayar wani ko yana da ashana. Ta dubi katangata ta hagu, ta dubi ta dama. Mai kyau, doguwa, ba inda za a dafa. Ta ce ta ɗora Binta a kafaɗa ta gwada, hannun yarinya bai kai ba. Daga nan suka fara dukan ƙofa.

Sai ta ji wani dukan daga bayanta, a jikin katanga. Ta ce ta zaci sun zagayo ne, ta toshe wa Binta baki, ta fara kalmar shahada. Ashe Lantana ce. Ta riga ta yi nisa da 'ya'yanta, ta waiga ta duba fuskoki ba ta ga na gidana ba, ta juyo ita kaɗai ta bi kafofin nan a baibai har gidanta, ta ɗauki taɓarya. Ta san daidai inda kafar take, shekara da shekaru tana sunkuyawa a wurin. Innarku ta ji muryarta ƙasa-ƙasa tana cewa, "Yaya Rabi, ki matsa, fasawa zan yi."

Simintin rowa ya tsage, tubali ya zube. Da na ƙaro bulon da magini ya nema, Sani, da yau ba ka da uwa, ba ka da ƙanwa, ko kuma muna da su a daji muna sayar da gonaki. Aka tura Binta ta wuce. Innarku na bi, wani ɓangare ya rufto mata a ƙugu. Lantana ta ja ta a ƙasa kamar buhu, kuma Innarku ta rantse min har suka kai kwari matar nan ba ta daina zagina ba, tana cewa ki yi sauri, ke da mijinki mai katanga.

Ɗingishin da kake gani tana yi, daga nan ne. Mun ce maka faɗuwa ta yi wajen gudu, kai kuma ba ka tsananta tambaya ba.

Ni na iso da yamma, bayan an ce sun tafi. Na iske ƙofata ta ƙarfe a ɓalle, rumbu yana hayaƙi, turke wayam, ba kowa a gida. Ba zan iya rubuta maka abin da na ji a tsaye a tsakar gidan nan ba. Daga wancan gefen gari an tafi da mutane, wasu har yau ba su dawo ba, ka san su, ka yi wasa da 'ya'yansu. Ina ta kiran suna sai na ga ramin. Ina kallonsa sai ga kan Mamman ya leƙo ta ciki, ya ce, "Malam Isa, suna lafiya, suna wajen nawa. A gafarce mu, iyalina ta yi maka ɓarna a katanga."

Bai ƙara kalma a kai ba, har ya koma ga Allah.

Na san abin da za ka ce. Katsina ba Yasore ba ce, kuma ba mai gidan hayar da zai bari ka huda masa bango. Gaskiya ne. Ni ma ban san ɓarayin birni ba. Ana ba mu labarin ƙauraye, samarin nan masu sara da ƙwacen waya, kuma na yarda katanga tana da amfani a kansu. Ban ce ka zauna a fili ba. Amma abin da ke hana ni barci ba 'yan bindiga kaɗai ba ne. Naƙuda tana zuwa da rana tsaka. Risho yana kama zane. Yaro yana haɗiye abu, ko zazzaɓi ya sa shi shiɗewa. A wannan lokaci kana wurin aiki, wayarka tana aljihu, injin yana ƙara. Wa zai ji Hadiza? In ya ji, ya san muryarta? In ya sani, zai juyo?

Saboda haka kafin ka ba dillali amsa, ka koma unguwar ba tare da shi ba. Ka je a lokacin da Hadiza za ta riƙa zama ita kaɗai, tsakanin hantsi da azahar. Ka ƙwanƙwasa gidan dama, ka ƙwanƙwasa na hagu, ka ce baƙo ne yana neman ruwan alwala. Ka ga ko za a buɗe. In muryar mace ta amsa daga ciki ta turo maka buta, alama ce mai kyau. In kare ne kawai ya amsa, ka san da wa za ka yi maƙwabtaka.

Ka tsaya bayan la'asar ka ga ko yara na fitowa wasa a layi. Uwa ba ta sakin ɗanta a inda take tsoro. Ka duba ko akwai awaki da kaji suna yawo. Dillali ya ce ba a jin kukan akuya, shi a ganinsa yabo ne. Ni kuwa na tambayi kaina, babu masu kiwo ne, ko kuwa an gwada an ga ba ta kwana? Ka duba ko akwai mai suyar awara ko ƙosai a ƙofar gida, ko mai shayin da yake barin bencinsa a waje ya tafi. Ka yi sallar asuba a masallacinsu ko sau ɗaya, ka ga ko mutane suna fitowa ko kowa a ɗakinsa yake yi. Ka tsaya a tasha ka ce wa mai Keke Napep ya kai ka can bayan magariba, ka kalli fuskarsa kafin ya buɗe baki. Ka kuma taka da kanka daga gidan zuwa asibiti mafi kusa, kana tafe kana tuna mace mai naƙuda ce za ta yi wannan tafiya.

Akwai wata wautar kuma, ta baya-bayan nan, ita ma ka ji ta. Da muka baro Yasore muka kama haya nan Batsari, na shiga unguwa ban gai da mai unguwa ba, ban zauna a majalisar kowa ba. Raina a ɓace yake, ba na son tambaya. Ina sallah in sulale. Ashe mutane suna ta kallona. Baƙo daga ƙauye, ba ya magana, yana yawan fita bayan gida ya amsa waya. Ni da kai nake magana, su kuwa sun fara raɗa ko ina kai wa mutanen daji rahoto ne. Sai da liman ya kira ni gefe ya tambaye ni asalina, na kawo wanda ya san ni, sannan aka saki jiki. Na yi kwanaki cikin tsoro, don na san abin da ake yi wa wanda aka zarga da wannan.

Kai ma ka sani, kana auna unguwa tana auna ka. Da zarar ka ce daga Batsari kake, wani zai tausaya, wani zai ja ɗansa ciki. Kada ka ɓoye, ɓoyewa ta fi muni. Ka je wajen mai unguwa da ƙafarka, ka tafi da mai masaukinka ya gabatar da kai. Ka faɗi sunan ubanka da wurin aikinka. In suna da 'yan sintiri ka san su, su san ka. Unguwar da ta tsare ka da tambayoyi kada ka ji haushinta, haka za ta tsare wanda zai zo bayanka. Wadda ba ta tambaye ka komai ba ita nake tsoro.

In ka samu gida a tsohuwar unguwa, mai ƙunci, mai hayaniya, ga yara ga ƙuda, ga wata mata a maƙwabta da za ta san abin da kuka dafa kafin ka wanke hannu, kada ka raina. Za ta dame ka. Ni shaida ne. Ka haƙura da ita.

Ga abin da muka yanke ni da Innarku, kuma ba don mu nuna maka iko ba. Kai ne mijin Hadiza, ba ma ja da wannan. Amma ba za mu sa ta a mota ba sai ka kira ka faɗa wa Innarku sunan matar da ke gidan dama da sunan matar da ke gidan hagu. Sunayensu, ba na mazajensu ba. In gidan nan mai rawanin waya ya ba ka sunaye biyu, ka kama shi da albarkarmu. In bai ba ka ba, ka bar wa dillali abinsa, ko Juma'a nawa za ta wuce. Hadiza ba ta takura mana ba, amaryata kuwa ina sa ran za mu shirya.

Innarku ta riga ta ɗaure muku kaya, suna nan a zaure. Akwai gero, akwai kuka da kuɓewa busassa, daddawa, barkono, man gyaɗa, har da sabuwar muciya. In kun kwance za ku ga babu gishiri. Binta ta zaci mantuwa ce, ta ɗauko za ta ƙulla, Innarku ta karɓe ta mayar. Ta sa ƙaramin kwano a maimakonsa, babu komai ciki. Ta ce kada ka sayo a shago. Gishirin tuwon farko Hadiza ta ɗauki kwanon nan ta shiga maƙwabta ta roƙo. In ta dawo da shi nan take, to madalla. In ta daɗe har ka fara jin yunwa kana tsaki, ta dawo da gishiri da labarin mutanen da ba ka sani ba, Innarku ta ce a ranar za ta ci abinci.

Allah ya tsare ka a fitarka da shigarka. Allah ya tsare hanya tsakaninmu da ku, ya rufe idon mugu daga kanku, ya haɗa ku da maƙwabta masu juyowa. Allah ya jiƙan Mamman, ya ƙara wa Lantana lafiya da ƙarfin hannu. Ka gai da mai masaukinka da iyalinsa, ka yi musu godiya a madadina. Muna sauraren sunayen.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Isa